Idona na hagu bai kai ba, ko in haƙura da tuƙin jirgi?

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 23, kuma tun ina ƙarami ba ni da burin da ya wuce in zama matuƙin jirgin fasinja. Mahaifina ya daɗe yana tara kuɗi saboda wannan, yanzu har na samu makarantar da ta ce in zo. Matsalata idona na hagu. Tun tasowata ba ya gani sosai, ni kuma ban ɗauke shi a bakin komai ba, domin na dama garau yake: ina karatu, ina tuƙa mota, ina buga ƙwallo. Watan jiya na je gwaji aka rubuta mini 6/6 a dama, 6/18 a hagu, kuma duk gilashin da aka gwada mini na hagun bai ƙara ko layi ɗaya ba. Wani abokina ya ce in haddace haruffan allon gwajin. Wani ya ce in je a yi mini aikin leza. Wakilin makarantar kuma ya ce in fara biya tukuna, maganar likita sai daga baya. Har yau ban gaya wa mahaifina ba. Malam, mai irin idona yana samun takardar lafiya ta tuƙin jirgi, ko dai in haƙura?

Ɗalibinka mai neman mafita

Wa alaikumus salam, ɗana.

Kada ka haƙura tukuna, kuma kada ka biya ko sisi tukuna. A yau ɗin nan akwai masu ido irin naka, har da waɗanda suka rasa ido ɗaya ɗungurungum, da suke tuƙa jirgin fasinja da takarda ta halal. Akwai kuma waɗanda idonsu ya fi naka gani amma aka sallame su. Ka lura da abu guda game da mutum ukun da suka ba ka shawara: kowannensu yana so ka aikata wani abu kafin ka san inda kake tsaye. Ɗaya yana so ka yi maguɗi, ɗaya yana so a taɓa maka ido, ɗaya yana so kuɗin mahaifinka su shiga asusunsu. Babu wanda ya ce maka ka je ka tambayi masu yanke hukuncin.

Mu fara da lambobin da aka rubuta maka. Ma'anar 6/18 ita ce, layin da mai lafiyayyen ido yake karantawa daga nisan mita 18, idonka na hagu sai ya matso mita 6 kafin ya karanta shi. Amurkawa da ƙafa suke lissafi, don haka 6/6 a wurinsu 20/20 ne, 6/12 shi ne 20/40, naka 6/18 kuma 20/60. Ka riƙe wannan, domin za ka yi ta cin karo da lissafin biyu.

Tushen dokokin duka yana hannun hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944, mai mazauni a Montreal ta ƙasar Kanada. Ita ta raba takardar lafiya aji uku. Aji na ɗaya na masu tuƙi don a biya su ne, ciki har da matuƙan jiragen fasinja. Aji na biyu na masu tuƙa ƙaramin jirgi don kansu. Aji na uku na masu ba jirage umarni daga ƙasa. A mizaninta, mai neman aji na ɗaya sai kowane idonsa shi kaɗai ya karanta 6/9 ko fiye, biyun a haɗe kuma 6/6. A aji na biyu, kowane ido 6/12, a haɗe 6/9. Da tabarau ko babu duk ɗaya ne, abin da ake aunawa shi ne iyakar ganin ido bayan an ba shi gilashin da ya dace da shi. Ka ga ke nan idonka na hagu bai kai aji na ɗaya ba, bai ma kai na biyu ba. Ba zan yi maka kwana-kwana a nan ba. Idan ka shiga ofishin likitan da hukuma ta amince da shi gobe, ba shi da ikon miƙa maka takarda ka fito da ita a hannu.

Sai dai dokar da ta kafa mizanin ita ce kuma ta bar ƙofar sassauci, kuma a nan yawancin masu ba da shawara a bakin titi suke ɓata. ICAO ta yarda hukumar ƙasa ta bai wa wanda bai cika wani sharaɗi ba takarda, idan ƙwararrun likitocinta sun gamsu cewa tawayar ba za ta jefa tafiya cikin haɗari ba, an duba iyawarsa da gogewarsa da irin aikin da zai yi, sannan an rubuta duk wani ƙaidi da ya kamata a jikin lasisinsa. Wato likitan da ka fara gani ba shi ne alƙalin ƙarshe ba. Aikinsa ya auna, ya rubuta, ya tura takardunka sama. Mutane da yawa idan suka ji ya ce ba zai iya bayarwa ba sai su ɗauka an rufe magana, su koma gida, alhali a lokacin ne ma shari'ar take farawa.

Yadda kowace hukuma take buɗe wannan ƙofa ya bambanta, bambancin kuma ba ƙarami ba ne. Hukumar Amurka, FAA, a kan takarda ta fi mizanin ICAO tsanani, domin 20/20 take nema a kowane ido ga masu tuƙin kasuwanci, 20/40 kuma ga masu tuƙi don kansu. Amma a aikace tana cikin mafiya sassauci. A wurinta wanda idonsa mai rauni bai wuce 20/200 ba, wato 6/60, shi ne ake lissafawa a matsayin mai ido ɗaya, kuma ko shi ana iya duba buƙatarsa a kowane aji. Idan tawayar tsayayyiya ce, ba ta ci gaba, sukan ba da wata takarda da ake kira SODA, shaidar cewa mutum ya nuna a aikace yana iyawa. Kafin a ba da ita sukan nemi cikakken rahoton likitan ido, sau da yawa kuma a haɗa da gwaji a cikin jirgi. Jami'in hukuma zai zauna gefenka ku tashi, ya ga ko kana hango wani jirgi da ke nufo ku, ko kana iya zaɓar filin da za ka sauka idan inji ya mutu, ko kana kintatar nisa daidai, ko kana karanta taswira da agogunan gabanka ba tare da ɓata lokaci ba, sannan ya ga yadda kake ajiye jirgin a kan titi. Wanda ya samu wannan takarda, muddin idon bai canza ba, ba a sake tayar da maganar duk shekara.

Turai kuwa, ƙarƙashin hukumar EASA mai mazauni a Cologne ta Jamus, tana bambanta sabon shiga da tsohon hannu. Matuƙin da ya riga ya mallaki aji na ɗaya, daga baya ido ɗaya ya samu matsala, ana iya mayar masa da takardarsa bayan bincike, galibi da ƙaidin cewa sai dai ya yi aiki a jirgin da matuƙa biyu suke tuƙawa. Wanda kuma yau ya fara neman aji na ɗaya da ido ɗaya ƙasa da mizani, ƙofarsa a can ta fi ƙunci nesa ba kusa ba. A aji na biyu ne suka fi sakin hannu. Sauran ƙasashe kowace da inda ta karkata tsakanin waɗannan biyun.

Wannan ya kawo mu kan tarkon da nake jiye maka fiye da komai. Lasisin matuƙi yana bin ƙasar da aka yi wa jirgin rajista. Za ka iya zuwa inda ake sassauci, ka yi karatu, ka samu lasisi da takardar lafiya, ka dawo da murna, sai hukumar ƙasar da kake son yin aiki ta ce kafin ta amince da lasisinka sai ka bi ta hannun likitocinta, su kuma ba dole ba ne su yarda da sassaucin da wata hukuma ta yi maka. Takardar SODA ta Amurka ba ta ɗaure hannun kowa a wajen Amurka. Saboda haka kafin ka tambayi ko za ka samu takarda, ka tambayi kanka jiragen wace ƙasa kake sa ran tuƙawa, kuma kana da izinin yin aiki a can. Hukumar wannan ƙasar ce za ka fara bugawa ƙofa, ko da makarantar tana wata nahiya. Bayan hukuma ma akwai kamfanoni, wasunsu suna da nasu gwajin na ɗaukar aiki. Soja kuwa kusan ko'ina sun fi farar hula tsauri a kan ido, wannan hanyar ka cire ta daga lissafi.

Yanzu mu dawo kan idon kansa, domin 6/18 sakamako ne kawai, bai faɗi dalili ba. Yadda ka kwatanta shi, rauni tun yarinta, ba ya ci gaba, gilashi ba ya ƙara masa komai, ya yi kama da abin da likitoci suke kira ambiliyofiya. Yakan faru ne idan a shekarun farko na rayuwa ido ɗaya ya riƙa aika wa ƙwaƙwalwa hoto mai hazo ko karkatacce, ko saboda harara-garke, ko saboda ƙarfin idanun biyu ya sha bamban, ko saboda yanar ido ta haihuwa. Sai ƙwaƙwalwa ta jingine wannan ido ta dogara ga ɗan'uwansa, hanyar ganinsa ba ta ƙarasa ginuwa ba. Idon lafiyarsa lau a tsari, tawayar tana can ciki. Wannan ne ya sa shawarar leza ba ta da amfani a gare ka. Aikin leza yana gyara lanƙwasar fatar gaban ido ne, wato yana yin abin da tabarau yake yi. Abin da tabarau ya kasa ba ka, leza ba za ta ba ka ba. Za ka kashe kuɗi, ka jira watanni idon ya daidaita, ka ƙara wa takardunka wani babi da hukuma za ta bincika, layin allo kuma yana nan inda ka bar shi. Haka kuma ka yi hattara da masu tallan atisayen farfaɗo da ido ga manya, ko aikin miƙe harara-garke, ba tare da ka shawarci likitan da ya san dokokin jirgi ba. Tilasta wa ƙwaƙwalwa ta saurari idon da ta daɗe da jinginewa yana iya jawo ganin abu biyu-biyu, wannan kuwa ya fi 6/18 muni a wurin kowace hukuma.

Idan likita ya tabbatar ambiliyofiya ce, to a cikin rashin sa'ar akwai sa'a. Ba ta ci gaba, ba ta tsallakawa ɗaya idon, kuma galibi ba ta taɓa ganin gefe, idon naka na hagu yana nan yana tsare maka ɓangarensa ko da ba ya karanta ƙananan haruffa. Amma dole a tabbatar, kada a yi zato. Akwai cututtukan da suke fara cin ido ɗaya a shekarun samartaka, kamar wadda take sa fatar gaban ido ta yi siriri ta tsiro kamar mazurari, da na labulen bayan ido, da hawan jinin ido. Waɗannan suna tafiya gaba, wasunsu suna kama idanu biyu, kuma hukuncinsu daban ne. Abin da hukuma ta fi sa wa ido ma ba idon hagun ba ne, na daman ne, domin shi ne jarinka na shekara arba'in masu zuwa. Tun yau ka fara tattalinsa. Gilashin kariya mai wuyar fashewa idan kana aiki da ƙarfe ko sinadari ko wasan da ake jifa, ko da ba ka taɓa shiga jirgi ba a rayuwarka.

Na san tambayar da ke cin ka a rai, ko da ba ka rubuta ta ba: ko da sun ba ni takardar, zan iya? Mutane sun ɗauka da ido biyu ake auna nisa, kuma akwai gaskiya a ciki, amma gaskiyar ta kusa ce. Tazarar da ke tsakanin idanu biyu ba ta wuce santimita shida ko bakwai ba. Wajen zura zare a allura ko zuba ruwa a kwalba wannan tazara tana aiki sosai. Idan abu yana can nesa da ɗaruruwan mitoci, hoton da idanun biyu suke ɗauka kusan ɗaya ne, ƙwaƙwalwa kuma ta koma ga wasu alamomi: girman abin da ta riga ta sani, yadda gefen titin jirgi biyu suke matsewa can gaba, abin da ya tare wani, inuwa, hazon da ke dusashe na nesa, da yadda na kusa yake wucewa da gudu na nesa yana tafiya a hankali. Duk waɗannan ido ɗaya yana karanta su. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ga kuma agogon tsawo a gabanka, ga fitilun gefen titi da suke nuna maka fari biyu ja biyu idan kana kan layin sauka daidai. Kai da ka taso da wannan ido, ƙwaƙwalwarka ta yi shekara ashirin tana wannan karatu, shi ya sa kake tare ƙwallo kake ajiye mota ba ka taɓa jin wani abu ya rage ba. Wanda ya rasa ido da rana tsaka shi ne yake shan wuya, yana zuba shayi a gefen kofi, yana kuskuren matakala. Don haka FAA take so irinsa ya jira kamar wata shida kafin a duba maganarsa.

Tarihi ma yana da abin cewa. Wiley Post, Ba'amurke, ya rasa idonsa na hagu a 1926 a wani haɗari a filin haƙar mai, kuma da kuɗin diyyar ya sayi jirginsa na farko. A 1931 ya zagaya duniya tare da Harold Gatty cikin kwana takwas da 'yan sa'o'i, a 1933 ya sake zagayawa shi kaɗai cikin kwana bakwai da sa'a goma sha takwas da minti 49, mutum na farko da ya yi haka. Wanda ya fi kusa da burinka shi ne Carlos Dardano, ɗan ƙasar El Salvador, da harsashi ya raba shi da ido ɗaya a lokacin yaƙin basasar ƙasarsu. A ranar 24 ga Mayu 1988 yana kyaftin na wani Boeing 737 na kamfanin TACA, suna gangarowa New Orleans, suka shiga hadari mai ƙanƙara, injinan biyu suka mutu. Ya sauke jirgin a kan wata doguwar ganuwar ƙasa mai ciyawa da aka yi don tare ruwa, mutum 45 da ke ciki ba wanda ya rasa ransa. Shekarunsa 29 a lokacin. Amma kada labarin ya ɗebe ka. Dardano matuƙi ne tun kafin ya rasa idon, Post kuma ya yi zamaninsa lokacin da dokokin ba su kai na yau yawa ba. Abin da suka tabbatar shi ne aikin yana yiwuwa. Ba su tabbatar da cewa hukumar da za ka je za ta ce to ba.

Akwai wani labarin da ya fi waɗannan koyar da abu, ko da yake ba a cika ba da shi ba. A watan Oktoba 1996 wani jirgin kamfanin Delta ya bugi fitilun shiga da bakin titi yayin sauka a filin LaGuardia na New York, cikin ruwa da hazo. Ba a yi asarar rai ba. Masu bincike suka gano kyaftin ɗin, mai ido biyu, yana sanye da gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido, ɗaya an saita shi don nesa, ɗaya don kusa, kuma suka ce wannan ne ya hana shi gane kuskuren da idonsa ya yi wajen kintatar matsayin jirgin. FAA ba ta yarda matuƙi ya tashi da irin wannan saiti ba. Ka duba: hukumar da take bai wa mai ido ɗaya takarda bayan ta gwada shi, ita ce take hana mai ido biyu ya yi wa ganinsa dabarar da ba a gwada ba. Tawayar da aka sani, aka auna, aka rubuta, suna iya zama da ita. Wadda ba su sani ba ce take ba su tsoro.

Wannan ce amsata ga abokinka mai haddar allo. Ko ta fuskar dabara ma shawarar ba ta da ƙafa, domin yau da na'ura ake nuna haruffa, ana canza su, ana duba cikin ido, ana auna daidaiton tsokokinsa, kuma wanda ya yi shekaru yana wannan aiki ya san mai leƙe ta tsakanin yatsu. Amma a ce ka tsallake. Takardar aji na ɗaya shekara guda take yi, a wasu yanayi ma wata shida idan shekaru sun ja. Kana 23, matuƙin jirgin fasinja na ƙasa da ƙasa yana iya aiki har 65. Ƙaryar da za ka yi ba ta rana ɗaya ba ce, sai ka maimaita ta sau arba'in ko fiye, a gaban likitoci daban-daban, kana sa hannu a ƙarƙashinta kowane karo. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da ta fito, ba maganar ido za a yi ba, maganar amana za a yi, kuma hukumomi suna ƙwace lasisi gaba ɗaya a kan wannan. A Amurka laifi ne da hukuncinsa yake kaiwa ɗaurin shekara biyar. Abin takaicin shi ne ka yi ƙarya a kan abin da mai yiwuwa da ka faɗi gaskiya a ba ka izini a kansa. Ban ma taɓo maganar rayukan da za su zauna a bayanka ba, wannan na bar ka da zuciyarka.

Shi kuwa wakilin makaranta, aikinsa cika kujeru. Ba na cewa mugu ne, amma ba shi zai zauna da mahaifinka ba idan an kashe rabin kuɗin sannan takarda ta ƙi fitowa. Biyan kuɗin karatun tuƙin kasuwanci kafin takardar aji na ɗaya ta shiga hannu sayen kifi a ruwa ne ko ga mai ido garau, domin akwai zuciya, akwai kunne, akwai gane launi, akwai sukari, kowanne yana iya tsayar da mutum. Kuma aji na ɗaya za ka nema tun farko, kada a lallaɓa ka da aji na biyu a ce ai ya isa fara karatu. Ya isa farawa, amma bai isa cin abinci ba.

Ga yadda zan bi da abin da ni ne kai. Ka je wurin cikakken likitan ido, ba mai sayar da tabarau ba, ka gaya masa dalilin zuwanka, ka nemi rahoto a rubuce: ganin kowane ido na nesa da na kusa, da gilashi da babu, faɗin ganin kowane ido da aka auna da na'ura, ƙarfin ruwan ido, duban bayan ido bayan an ɗiga magani, taswirar fatar gaban ido, daidaiton tsokoki, ko akwai gani biyu, gane launi, sannan sunan abin da ke damun idon da ra'ayinsa kan ko zai ci gaba. Idan akwai tsohon katin asibiti na yarinta da ya nuna idon haka yake tun da, ka nemo shi, yana da daraja, domin shi ne shaidar cewa abin a tsaye yake. Da wannan rahoto sai ka nemi likitan jiragen sama da hukumar ƙasar da kake nufi ta amince da shi, ka ce masa shawara ka zo nema, ba gwaji na hukuma ba. Wannan bambanci yana da nauyi. Da zarar ka cike takardar nema a hukumance, abin da ya biyo baya ya shiga tarihinka, kuma kusan kowace takarda da za ka cike nan gaba za ta tambaye ka ko an taɓa hana ka. A Amurka ma akwai ƙananan jiragen nishaɗi da ake tuƙawa da lasisin mota a madadin takardar likita, amma wanda aka ƙi buƙatarsa ta ƙarshe ya rasa wannan damar. Ka tambayi likitan kai tsaye: ya taɓa tura takardun mai irin wannan ido, aji nawa aka ba shi, da wane ƙaidi? Idan ya ce bai taɓa ba, ba laifi ba ne ka nemi wanda ya taɓa. Idan kuma da hali, ka rubuta wa sashen lafiya na hukumar, ka samu amsarsu a rubuce.

A cikin wannan jira, babu abin da ya hana ka biyan sa'a ɗaya ko biyu ka tashi da malamin tuƙi a ƙaramin jirgi. Takardar lafiya ana buƙatarta ne kafin ɗalibi ya tashi shi kaɗai. Ka gaya wa malamin halin idonka, ka roƙe shi ya lura da yadda kake hango wasu jirage da yadda kake ganin titi idan kun gangaro. Za ka koyi wani abu da zai zame maka ɗabi'a: juya kai. Kowane ido yana da wani ɗan gurbi da ba ya gani, inda jijiyar gani ta fita, kuma ɗaya idon ne yake rufe masa. Ka gwada yanzu. Ka ɗiga alama biyu a takarda, tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu, ka rufe idon hagu, ka kafe na dama a kan alamar hagu, ka riƙa matso da takardar a hankali. Za a kai inda alamar dama za ta ɓace ɓat. Jirgi sukutum yana iya ɓuya a wannan gurbi, ko a bayan ƙarfen taga. Mai ido ɗaya tak faɗin ganinsa yana raguwa da abin da ya kai kashi 30 cikin ɗari a lissafin FAA. Kai ba ka kai nan ba, amma wuyanka zai yi aikin da na wasu ba ya yi.

Idan amsar ta zo a'a, ka sani tun yanzu cewa aikin ba jirage umarni ba mafaka ba ce, mizanin idonsa a wurin ICAO daidai yake da na aji na ɗaya. Injiniyan gyaran jirgi da jami'in tsara tafiya, wanda yake lissafa mai da hanya da yanayi tare da kyaftin, su ne ba a ɗora musu wannan takarda ba. Kuma aji na biyu, ko da ba a cin albashi da shi, sama ɗaya ce.

Mahaifinka kuma ka gaya masa a wannan makon, kafin ka ga kowane likita. Kuɗinsa ne, kuma ya fi kyau ya ji daga bakinka da tsari a hannu, da ya ji daga baya cewa ka sani ka yi shiru. Ka ce masa an gano rauni a ido ɗaya, akwai hanyar neman izini, za ta ɗauki watanni, kuma ba ka so a taɓa kuɗin sai takarda ta fito. Idan shi ko mahaifiyarka suka fara zargin kansu cewa ba su lura ba kana yaro, ka kwantar musu da hankali, yaro mai ido ɗaya garau ba ya ƙorafi, shi kansa bai san akwai abin da ya rasa ba. Amma ka yi amfani da zaman ka roƙe su abu guda. Wannan tawaya tana jin magani sosai idan an kama ta kafin shekara bakwai ko takwas, da tabarau da rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i a rana, kuma abubuwan da suke jawo ta sukan bi dangi. Idan akwai ƙannenka ko 'ya'yan yayyenka da ba su kai wannan shekarun ba, a kai su a gwada kowane ido shi kaɗai, a rufe ɗaya a duba ɗaya. Idan rahoton likitan idon ya fito, ka sake rubuto mini da abin da ya ce da sunan ƙasar da kake nufi.